Sunan da ke cikin Dosiye

Shafi na 11

Masu aiko saƙo cewa shafin nan ya daɗe bai fito ba, ku yi haƙuri, ga shi. Wanda bai karanta na baya ba ma zai iya kamawa daga nan.

Mutanen Dogon Marke manoma ne, ƙauyensu na nan gabas da tabkin Madarunfa. Suna da gero, suna da wake, kusan kowane gida da shanun huɗa biyu a turke. Abin da suka rasa shi ne kwanciyar hankali. Tun shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sa ya yi tsada a ƙetaren iyaka, ɓarayi suka sa garin a gaba. Babu shinge, babu tocila ta kirki, jandarma kuma suna nesa. Idan aka kwance wa mutum sa, hanya ɗaya gare shi: ya ɗauki goro ya tafi wurin Alhaji Illo, dillalin shanu, ya roƙe shi ya yi masa cigiya. Wani lokaci san ya dawo. Wani lokaci a ce an makara.

Na Malam Sule, an ce an makara.

Ƴarsa Hussaina, mai shekara goma sha ɗaya, ita ta san dalili. Ranar da aka sace su ta fita da sassafe tsinko yakuwa a garkar bakin gulbi. Ta hango shanun babanta tsaye cikin yashi, ta ga Alhaji Illo da kansa yana miƙa igiyarsu ga wasu baƙi biyu. Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Sai da ta yi mako uku tana ramewa, sannan ta faɗa wa malamarsu ta lakwal, wato makarantar boko, Madam Loisa.

Madam Loisa ƴar Maradi ce, shekararta biyu a garin. Ita ta samo labarin wani furoje, wata ƙungiyar agaji mai ba ƙauyuka tallafi su tsare kansu: tocila, usur, kekuna huɗu na ƴan sintiri, da wayar shinge da za a tara shanun gari wuri guda. Dosiyen farko, wato takardun neman tallafin, da ta kai an dawo mata da shi. Mutumin buro, wato ofishin furojen a Maradi, ya ce ai kowane ƙauye haka yake rubuta akwai sata, sai dai su kawo rana, su kawo wuri, su kawo shaida. Sai ta zauna ta ƙara shafi na biyar, ta rubuta abin da Hussaina ta gani, da sunanta da sunan wanda ta gani.

"Da Faransanci ne," ta ce wa Hussaina a ranar. "Za a rufe shi cikin ambulan, sai a Yamai za a buɗe. Babu mai jin sa a nan."

Abu ɗaya ya rage, tambarin Maigari, wanda ba ta nema wa na farkon ba, amma mutumin buro ya ce wannan karon sai da shi.

Ranar Alhamis da hantsi, babu lakwal, Hussaina na wanke kwanuka a bakin zaure sai ga Madam da lemarta. Malam Sule na zaune yana gyaran ƙotar hauya.

"Malam Sule, ina kwana?"

"Lafiya lau, Madam. Yau ce ranar, ko?"

"Yau ce. Zan je in karɓo dosiyen, in kama motar azahar."

"Ki karɓo?" Ya ɗago kai. "Ai ba a karanta ba tukuna."

"A karanta mi?"

"Takardar mana."

Madam ta sauke lemar a hankali.

"Ai tambari kawai zai buga. Jiya da la'asar na ba Bashir, sakatarensa, na ce ya aje masa."

Malam Sule ya yi dariya, irin ta mai alfahari da garinsu.

"Madam, har yanzu baƙuwa ce ke. A nan ba a buga wa takarda tambari sai an karanta ta a ƙofar Maigari, gaban kowa, daga farko har ƙarshe. Tun jiya aka yi shela. Ke ba ki ji ba?"

"Na tafi Safo gaisuwar rasuwa."

"To kin ga."

Kwanon da ke hannun Hussaina ya zame cikin ruwa. Ta kalli Madam. Madam ba ta kalle ta ba.

"Duka za a karanta?"

"Duka. Ko da wasiƙar gaisuwa ce." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Hussaina, ɗauko tabarma ki raka Madam, ta samu wurin zama. Ni na yi gaba."

Sun bar gidan, sun bi ta bayan rumbuna. Hussaina na rungume da tabarmar kamar za ta ɓuya a cikinta.

"Madam."

"Na'am."

"Kin ce sai a Yamai."

"Na faɗa."

"Ki cire shafin."

"Ba ya hannuna, ɗiyata. Yana wurin Bashir."

"Ki ce kina son gyara wani abu."

"Shi zan yi." Madam ta tsaya ta riƙo kafaɗarta. "Ki saurare ni. In an tambaye ki, kada ki ce komai. Ni zan yi magana. Laifina ne, ban tambayi yadda ake yi ba."

Wannan kalma ta laifina ita ta fi tsorata Hussaina. Ba ta taɓa jin babba ya faɗe ta ba.

Gindin marken ƙofar Maigari ya cika. Maza na zaune a kan tabarmi da buhunan taki, mata na tsaye daga nesa a jikin danga. Tun ba a fara ba ana ta rabon kekunan da ba su zo ba.

"Ni dai a ba ni ɗaya, na fi kowa sanin hanyar gulbi."

"Kai da ko jaki kayar da kai yake?"

"A ba shi usur ya wadatar. Bakinsa ba ya gajiya."

"In ya ga ɓarawo haɗiye usur ɗin zai yi."

Aka yi dariya. Hussaina ta shimfiɗa wa Madam tabarma, ta zauna a bayanta, ta matse jikinta.

Kujeru biyu ne kawai a wurin. Ɗaya ta Maigari. Ɗaya kuma Alhaji Illo na kai, cikin farar riga, yana ɓare goro da ɗan ƙaramin wuƙa. Shi aka sa shugaban komiten tsaron. Ba a taɓa kafa komite a Dogon Marke ba tare da shi ba, ko na rijiya ko na masallaci, saboda haka da Madam ta nemi sunaye babu wanda ya kawo wani sunan.

Bashir na tsugune kusa da Maigari, dosiyen na kan cinyarsa. Saurayi ne da ya yi koleji a Maradi bai gama ba. Da ya ga Madam sai ya sunkuyar da kai.

Hussaina ta lura. Ya karanta ke nan.

Madam ta matsa gaba ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Akwai kuskure a takardar. A ba ni ita in gyara, gobe a karanta."

"Kuskuren mi, Madam?"

"Na rubutu."

"Babba ne?"

"A shafi ɗaya ne."

"To in an zo wurin sai ki gyara a gabanmu." Maigari ya nuna taron da sandarsa. "Mutane sun bar gonakinsu. Ba zan ce su koma ba."

"Ranka ya daɗe, shafi na biyar bayani ne na masu furoje kawai. Ba sai an..."

"Madam." Bai ɗaga murya ba. "Mahaifina ya taɓa dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. An ce masa ta maganin fara ce. Da damina ta zo, fadamar arewa ta zama ta wasu. Tun ranar, takarda ba ta fita da sunan garin nan sai kunnen garin ya ji ta. Ke ma don kare ki ne, kada gobe a ce kin rubuta abin da ba mu sani ba."

Mutane suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Gaskiya ne."

Alhaji Illo ya yi murmushi.

"Ki zauna, Madam, kin yi ƙoƙari. Wagga mata ta fi mu son garin nan." Ya leƙa bayanta. "Wa nake gani? Ƴar tagwayen Sule? Ke ce ƴar rakiya yau?"

Hussaina ta ƙara laɓewa a bayan Madam.

"Ba ki gaida Alhaji?" babanta ya ce daga inda yake zaune.

"Ina kwana, Alhaji."

"Lafiya lau, ƴar lakwal. Allah ya yi albarka."

Bashir ya fara. Yadda ake yi shi ne, ya karanta layi da Faransanci yadda aka rubuta shi, sannan ya juya shi da Hausa. Babu mai jin Faransancin, amma ana son a ji shi ya fito, don a tabbata mai karatun daga takarda yake ɗauko magana, ba daga kansa ba.

Shafin farko sunan gari ne da yawan gidaje. Na biyu, shanun da aka sace cikin shekara biyu. Da ana kiran sunan mai sa, sai ya amsa, "Haka ne." Wani tsoho ya ce nasa ja ne, ba baƙi ba, aka tsaya Madam ta gyara da alƙalamin bik. Na uku, kayan da ake roƙo. Nan aka sake kaurewa da surutu, har sai da Maigari ya buga sanda a ƙasa.

Hussaina na ƙirga shafukan da idonta. Ta duba hanyar gida. Mata sun tare ta.

Na huɗu, sunayen ƴan komite. Alhaji Illo ya ɗaga hannu da aka kira shi, aka ce, "Allah ya taya riƙo."

Bashir ya lashi yatsa. Ya juya.

Idonsa ya tsaya a kan shafi na biyar.

"Ci gaba," Maigari ya ce.

"Ranka ya daɗe, wannan... bayani ne a kan satar da aka yi wa Malam Sule. An ce wani ya ga wasu mutane a gulbi. Shi ke nan."

Ya kama gefen takardar zai juya.

"Dakata, Bashir." Alhaji Illo ne. "Ba ka karanta na Nasara ba."

"Dogo ne, Alhaji."

"Muna da lokaci."

"Abin da na faɗa ne a ciki."

"Shafi guda cif, ka juya shi da numfashi ɗaya? Ni ban yi lakwal ba, amma na ga tsawonsa daga nan." Ya juya ga Maigari. "Ko an canza al'ada ne ban ji ba?"

"Ba a canza ba. Karanta, Bashir."

Madam ta miƙe tsaye.

"Ni na rubuta shi. Ra'ayina ne. In akwai tambaya a yi mini."

"Za a yi miki, Madam," Maigari ya ce. "Bari mu ji tukuna."

Bashir ya fara karantawa. Muryarsa ta yi ƙasa, yana sauri, yana haɗiye kalmomi. Faransancin na wucewa ta kan mutane kamar yadda ya saba, ba mai kama komai. Hussaina ta fara sa rai. Wataƙila ya wuce haka. Wataƙila.

Sai a tsakiyar maganar da ba mai ganewa, abu ya fito sarai.

"...Hussaina Sule..."

Kawuna suka juyo.

Bashir ya ci gaba, gumi na bin wuyansa. Layi ɗaya. Layi biyu. Ya yi ƙoƙarin tsallakewa, idonsa ya kai wurin, bakinsa ya riga shi.

"...Alhaji Illo..."

Ya tsaya.

Suna ba ya bukatar a juya shi. Kowa ya ji.

Wata akuya na kuka a bayan danga, ba wanda ya kore ta.

Alhaji Illo ya ninke wuƙarsa ya sa a aljihu.

"Juya mana, Bashir."

"Alhaji..."

"Juya. An kira sunana, ina da haƙƙin in ji."

Bashir ya juya shi, kansa a ƙasa. Ranar. Garkar. Yashin gulbi. Baƙi biyu. Igiyar. Bai ƙara ba, bai rage ba, don ba sauran abin ragewa.

Da ya gama, Malam Sule ne ya fara motsi. Ya taso da sauri har hularsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba. Ya zo gaban kujerar ya durƙusa.

"Alhaji, yarinya ce."

Alhaji ya ci gaba da tauna goronsa, Malam Sule ya ƙara matsowa.

"Ƴar tagwaye ce, ka san su da gane-gane. Tun tana ƙarama take ganin abin da babu. A lokacin ma zazzaɓi take yi, uwarta na nan a tambaye ta. Wallahi ban san da maganar nan ba."

"Na yarda ba ka sani ba, Sule. Tashi."

"Ka yi haƙuri."

"Na ce ka tashi. Shanunka aka sace, kai ne kuma ke ba da haƙuri?"

Malam Sule bai tashi ba.

Hussaina ta kalli bayan babanta. Rigar ta manne da gumi. Shi ne mutumin da ya yi kwana uku bai ci tuwo ba saboda shanun nan. Ta ɗauka ranar da ya ji wanda ya sace su, sai an riƙe shi.

"Zo nan, ƴar lakwal."

Madam ta sa hannu ta tare ta.

"Alhaji, ni za ka tambaya."

"Ke kina gulbin?"

"A'a."

"To bari mai gani ta zo. Ba cin ta zan yi ba, a gaban ubanta da Maigari."

"Je ki," babanta ya ce, bai waiwayo ba.

Ta tashi. Taku shida ne tsakaninsu, ta ji kowane ɗaya. Ta tsaya a gabansa. Yana ƙamshin turare da goro.

"Mi kika gani?"

Ta waiwayi Madam.

"Kada ki ji tsoro. Ni kika gani?"

Madam ta ce kada ta yi magana. Baba ya ce zazzaɓi ne. Ta nemi wurin da za ta aje idonta, ta rasa, sai ta aje shi a kan takalminsa.

"Da wace riga?" ya tambaya a hankali.

"Shuɗiya."

Kalmar ta fita kafin ta riƙe ta.

Wata mata a jikin danga ta ja numfashi. Malam Sule ya rufe fuska da tafin hannu.

Alhaji Illo ya yi ƴar dariya.

"Ina da shuɗiyar riga. Rabin garin nan ma suna da ita." Ya dafa kanta. Hannun na da nauyi, da ɗumi. "Yarinya mai ido. Allah ya raya."

Ya juya ga Maigari.

"Ranka ya daɗe, ni ban ji haushi ba. Garin nan na bukatar kayan nan. In sunana ne zai kawo mana shinge, a bar shi a ciki. Kawo tawadar, Bashir, ni zan fara dangwalawa."

Bashir ya miƙa masa da hannu biyu. Ya dangwala babban yatsansa a ƙasan shafin ƙarshe, ya goge shi a gefen kujera. Maigari ya daɗe yana duban takardar, sannan ya hura wa tambarin iska ya buga.

Madam ta miƙa hannu.

"Na gode, ranka ya daɗe. Zan kama motar azahar."

Alhaji Illo ya riga ta ɗauka.

"Ki huta, Madam. Aikin shugaban komite ne. Gobe da safe ina da tafiya Maradi, ni zan kai."

"Ni suka sani a buron."

"Za su san ni." Ya naɗe dosiyen ya zura cikin aljihun babbar riga. "Kuma kin ce shaida suke so, ko ba haka ba? Takarda ba ta amsa tambaya. Gara su ga mai shaidar da idonsu, su tambaye ta, a wanke ni ko a kama ni. Zan tafi da yarinyar."

"A'a," Madam ta ce.

"Ɗiyarki ce?"

"Ɗalibata ce."

"Gobe Juma'a, kina da aji. Motata kuma ta kaya ce, wurin mutum ɗaya ne a gaba." Ya dubi ƙasa, inda Malam Sule ke durƙushe har yanzu. "Ubanta na nan. Sule, ka ba ni ita, ko kai ma kana zargina?"

"Ni? A'a, Alhaji."

"To ka ba ni?"

Malam Sule ya ɗago kai. Ya dubi Maigari. Maigari na duban kan sandarsa.

"Ranka ya daɗe," Madam ta ce, "ka ce wani abu."

"Magana tsakanin uba da ɗiyarsa ce, Madam."

"Ku fa?" Ta juya ga taron. "Ku da aka kira sunayen shanunku ɗazu kuka ce haka ne?"

Mai son keke yana tsinke zaren buhun da yake zaune a kai. Tsohon mai jan sa ya ɗauki butarsa ya ce azahar ta kusa, alhali rana ba ta kai tsaka ba.

"Sule, ina jira," Alhaji ya ce.

"Allah ya kai mu goben, Alhaji."

"Amin. Bayan sallar asuba, ta shirya."

Ya sake ɗora hannunsa a kan Hussaina. Daga ƙarƙashinsa ta ɗaga ido ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda abin ya ba mamaki. Ta dubi Maigari, ta dubi tsohon, ta dubi matan jikin danga, ta dubi babanta. Ta ga tsoro a kowace fuska. Mamaki ne ba ta gani ba, ko a guda.

Nan Hussaina ta gane cewa babu wanda ya ji sabon labari a gindin marken nan. Duk garin sun daɗe da sanin mai sace musu shanu. Ita kaɗai ce ta faɗa, kuma ita kaɗai za ta shiga motarsa gobe da safe.